Abin da Baffa Ya Ce

Abuja, 3 ga Yuli, 2024

Zuwa ga ƙanwata Bilkisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baffa? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce in daina wannan magana ta waya don Baffa na jin komai, to ga shi na rubuto. Na samu hutun mako biyu a tsakiyar Satumba, kuma na ƙudura in fita da shi. Mahaifinmu, maginin da ya ɗaure bakan gizon rufin masallacin unguwarmu a Miga da hannunsa, bai kamata ya tsufa bai ga ginin magabata ba. Birni biyu nake juyawa a rai. Akwai Fas ta Maroko, ga masallacin Ƙarawiyyin, ga zawiyar Shehu Tijjani, sai dai lungunanta matsattsu ne, hawa da gangara, mai tura keken marar lafiya zai ji jiki. Akwai kuma Alƙahira ta Masar, hasumiyoyi ba iyaka, mota na kai mutum kusan bakin ƙofa. Ni Fas ta fi kwanta mini, amma ba ni za a kai ba. Ki nuna masa hotunan da na haɗo, ya zaɓa.

Ki gaida maigidan da yara.

Yayanki,
Zuhair

Limawa, Dutse, 11 ga Yuli

Hamma Zuhair,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Jiki da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa wa masu dubiya.

Wata goma sha huɗu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ke ɗagawa, ni ke wanka, ni ke ba da kunu a cokali, sannan in ruga ofis a Kiyawa in dawo in tarar da wani aikin. Bayana ya gaji, Hamma, ni ma na gaji.

Na nuna masa hotunanka. Ka san bakin bai cika buɗuwa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ture su gefe ya ce, “Masar.” Na sake tambaya, ya sake faɗa. To ka ji. Ka fara neman biza, taku ku biyu. Ni ba inda za ni, barci zan yi.

Ka huta lafiya.

Bilkisu

Abuja, 12 ga Agusta

Bilkisu,

Gaisuwa da fatan alheri. Biza ta fito, alhamdu lillahi. Na kama mana masauki kusa da Azhar. Ashe tsoho ya fi ni ido. Yanzu da na zauna na duba, ginin Masar ya fi kusa da hannunsa, kauri da nauyi, ba yawan ado. Duk ofis sun san zancen. Ki sa tela ya ɗinka masa kaya kala uku, masu sauƙin sawa.

Ki gaishe shi da kyau.

Zuhair

Limawa, 24 ga Agusta

Hamma,

Ina gaisuwa. Ka karanta wannan a zaune.

Baffa bai ce Masar ba. Masara ya ce. Ƙarshen kalma ne ke maƙale masa a harshe, shi ya sa in yana jin ƙishi sai ya ce “ruw”. Gonarsa ta fadama a Miga yake nufi, wadda Idirisu ɗan ƙaninsa ya shuka masa bana. So yake ya ganta a tsaye kafin a karye.

Kuma tun ranar farko na gane. Na yi shiru ne da gangan. Na san in na ce Miga ce, za ka ce ai nan da nan ne, Bilkisu ta kai shi ranar Asabar. Ba mai ɗaukar hutu don Miga. Amma in Masar ce, kai za ka ɗauke shi, in samu kwana goma sha huɗu ba mai kiran sunana. Abin da na hango ke nan, ban hango komai bayansa ba.

Jiya tela ya kawo kayan. Na shimfiɗa masa su a kan gado na ce, “Baffa, kayan shiga jirgi ne, Hamma zai kai ka Masar.” Ya dube ni, ya gane na sani. Bai yi faɗa ba, da ma ina ya ga bakin faɗan? Ya juya fuska bango, har yanzu bai karɓi kunu daga hannuna ba.

Idirisu ya ce nan da kwana goma za su karye masarar. Hutunka saura mako uku. Kunya ta ishe ni, amma in na ce maka gajiyar ta tafi na yi ƙarya ta biyu.

Ƙanwarka,
Bilkisu

Abuja, 27 ga Agusta

Bilkisu,

Salam. Na karanta sau uku. Ni da ban san yadda ubana ke neman ruwa ba, ba ni da bakin yi miki faɗa.

Na matso da hutun, Juma'a ina tafe. Na ce wa Idirisu kada a taɓa kara ɗaya sai mun iso. Ba za ki bi mu Miga ba. Sai dai ban san yadda ake ɗaga shi ba tare da an ji masa ciwo ba. Ki ba ni yini guda ki koya mini, sannan ki je ki kwanta.

Yayanki,
Zuhair