Na sa Baba ya daina yarda da kunnensa

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a yi mini uzuri har a kai ƙarshe. Zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

A Ruwais aka haife ni, nan Jidda. Babana tsohon direba ne, kuma bayan masallaci babu abin da yake so kamar kayan sauti na da. Tun muna yara yake yawon kasuwar tsofaffin kaya, yau ya dawo da amfilifaya, gobe sifika, har falonmu ya rasa wurin shimfiɗa tabarma. Bayan rasuwar Mama mai gidan da Baba ke haya ya ce zai rushe shi, sai muka ce Baba ya dawo wurinmu ni da mijina a unguwar Bani Malik, mu ba shi ɗaki ɗaya. Ya rabar da kayansa bai yi gardama ba, saura amfilifaya biyu da ya kasa zaɓa: wata ƙarama baƙa, da wata babba mai kwalabe masu ja kamar garwashi, wadda sai ƙarti biyu ke ɗaga ta. Mijina ya ja ni gefe ya ce, "Babbar nan ba za ta shiga gidana ba. Ga bene, ga zafi kamar tanda. Halas, na gama magana, ki san yadda za ki yi."

Ranar da za a kwashe kaya Baba ya zaunar da ni tsakanin sifiku ya ce, "Ya binti, 'yata, ke kika gaji kunnena. Saurara ki gaya mini gaskiya, wacce za mu tafi da ita?" Ya sa faifan kiɗan udu, molon Larabawa, a ƙaramar, sannan a babbar. Wallahi da babbar ta ɗauka sai da tsigar jikina ta tashi, kamar makaɗin yana zaune a gabanmu. Amma me na ce? Na ce, "Baba, wannan tana wani zuuu ƙasa-ƙasa. Ba ka ji ba?" Ya durƙusa, tsoho da ciwon gwiwa, ya kara kunnen dama, ya juya na hagu. Ya ce, "Yanzu ma tana yi?" Na ce tana yi sosai. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya ce, "Ashe kunnen ya tafi ban sani ba." Ya kashe ta, ya bai wa amininsa Ammu Sale na unguwar Kurayyat.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ina! Tun da ya tare a gidanmu bai kunna ƙaramar ba ko sau ɗaya, ya lulluɓe ta da tsohon zanen Mama. Ya daina zama majalisa bayan la'asar, wai kada a yi magana ya ba da amsar da ba ita ba a yi masa dariya. Na kai shi asibiti, likita ya ce jinsa lafiya lau daidai da shekarunsa, amma Baba ya ce lallashinsa ake yi. Kwanan nan Ammu Sale ya kira shi ina zaune, ya ce amfilifaya garau take, babu wani zuuu, ya zo ya ɗauki abarsa. Baba ya fusata ya ce, "Kai ma kurma ne irina! 'Yata ta ji, kuma 'yata ba ta taɓa yi mini ƙarya ba." Ya katse wayar. Abokan da tare suka yi ƙuruciya, yanzu ko gaisawa ba sa yi.

Wace irin 'ya ce ni? Mijina ya ce in ja bakina in yi shiru, tsoho zai manta. Ba ya mantawa, ramewa yake yi, ga hawan jini. In na faɗa masa, zai san kunnensa lafiya, amma zai san wadda ya tsaya wa a gaban amininsa maƙaryaciya ce, kuma zai san surukin da yake cin abincinsa ne ya sa ni. In na yi shiru, ina kallo yana bin bakin mutane da ido yana gyaɗa kai.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?