Sunan Sharifu a Cikin Waƙar Kaka

Tanti Hawa'u, don Allah ki cece ni kafin Juma'a.

Ina da kawu, Malam Badamasi, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Tun ba a haife ni ba aikinsa ɗaya ne, bin tarihin kiɗa da waƙoƙin dā. Sai ya hau moto, wato babur, ya tafi Alela, Tsarnawa, har Tajaye, ya zauna gaban tsofaffin makaɗa yana ɗaukar muryarsu, yana tambayar wa ya koya musu, shi kuma wancan wa ya koya masa. Innata takan ce ƙanenta ya san kakan kowace ganga a ƙasar nan, amma bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba.

Abu ɗaya ne ya kuɓuce masa: waƙar niƙa ta mahaifiyarsa, wato kakata. Yana can yana bin na nesa, yana ganin ta gida ba inda za ta, har Allah ya yi mata rasuwa. Ya tambayi tsofaffin mata, ba wadda ta riƙe ta.

Ranar nan ina wanke-wanke ina ɗan rera ta a maƙogwaro, baki rufe, kalmomin a zuci, sai ga Kawu tsaye a kaina, takalmi ɗaya a ƙafa, idonsa cike da ƙwalla. Ya ce wallahi ita ce. Wai ranar Juma'a zai tara dangi ya ɗauki muryata, har a sa a rediyo.

To Tanti, karin waƙar na Kaka ne, amma baitocinta sun ɓace mini, don ina ƙarama ta rasu. Sai na zuba nawa. Kin dai san mai karatun littattafan soyayya, akwai farin wata a ciki, akwai hawaye a kan matashi. Kuma akwai wani wuri da Kaka ke sauke murya ta haɗiye maganar, ban taɓa jin me take cewa ba. A nan na saka sunan Sharifu, mai gyaran moto a bakin layinmu. Bai ma san sunana ba. Sau ɗaya ya ce in matsa zai fito da moto, ya kira ni ƙanwarsa, na daɗe ina juya maganar a raina. Kuma wajensa Kawu ke kai gyara.

Na gwada rera ta ba baitoci, sai ta watse mini a tsakiya. Na gwada saka wani suna, Amadu, a madadin Sharifu, bai hau ba, har na ji kamar na ci amanar wani. In na ce na manta, waƙar ta bi Kaka ke nan. In na ce duk baitocin na Kaka ne, Kawu zai rubuta wa duniya cewa uwarsa ta yi wani Sharifu. Yaya zan yi?

Mai Kunya, daga Ƙonni

Ɗiyata Mai Kunya,

Na yi dariya, amma ba ke na yi wa ba. Ni ma na taɓa zama shekarunki.

Kunyarki tana da hujja. Ba wanda ya isa ya tilasta miki buɗe zuciyarki gaban dangi da rediyo. Sai dai shi ma kawunki ba wasa yake ba. Ya yi wa waƙoƙin mutane hidima tsawon ransa, ta uwarsa ta wuce shi, yanzu ga ta a bakinki.

Kada ki jira Juma'a. Ki same shi shi kaɗai, ki gaya masa kari na Kaka ne, baitoci naki ne. Kada ki jingina wa marigayiya abin da ba ta faɗa ba. Mai binciken tarihi ya fi son gaskiya guntuwa a kan ƙarya cikakkiya. Sannan ki kafa sharaɗinki: ba taro, ba rediyo sai kin yarda. Mutumin da ya yi ƙwalla a kan wanke-wankenki ba zai ƙi ba.

Shi kuwa Sharifu, ki bar shi da motocinsa, ki riƙe karatunki. Waƙa ba ta ci masa komai ba, kuma bai san ana yi ba.

Saura wurin nan da ya hana ki sakat. Ki rera farin watanki da hawayenki yadda kika saba, in kin zo kan sunan ki sauke murya ki haɗiye shi. Haka kika ji waƙar, haka ya kamata kawunki ya ɗauke ta. Ke a ganinki me Kaka take haɗiyewa a wurin, tsakin gero?

Allah ya jiƙanta, ke kuma ya buɗe miki murya.

Tanti Hawa'u