Gurbin Mutum Ɗaya a Sahun Magarya

Magarya, 3 ga Maris 1942

Ƙanena Mutari,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ka isa Ɓaɓura lafiya, tarin nan kuma ya yi sauƙi. Inna tana gaishe ka.

Kwantar da hankalinka. Baturen kumandan ya nemi mutum dubu biyu da ɗari biyar da ashirin don aikin dole na hanyar Damagaram, ni kuma nake riƙe da takardar sunaye a biro, wato ofishinsa. Sunanka yana ciki, goge shi ya fi ƙarfina. Shi ya sa na tsallakar da kai iyaka, don da wannan ƙirjin naka ba za ka yi wata guda kana fasa dutse ba.

Sai dai lambar nan shegiya ce. Raba ta biyu, uku, huɗu, har goma, ba ta barin saura, saboda haka duk yadda aka jera mutane gurbinka zai fito fili. Amma na zauna da allo na gano mata magani. In babu kai, sha ɗaya-sha ɗaya sahu ɗari biyu da ashirin da tara ne cif. Haka zan sa a jera su. Ka ga amfanin bulalar da na sha a lakwal, makarantar boko!

Yayanka,
Halilu

Magarya, 9 ga Maris

Mutari,

Ina gaishe ka, ya jiki? Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna a kumbure yake.

Wayona ya ci ni. Sarjan na gardawa, 'yan sandan kumandan, ya yi mini dariya, wai tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jera mutane sha ɗaya ba. Aka yi goma-goma, sahun ƙarshe tara. Aka yi takwas-takwas, bakwai. Aka yi shida-shida, biyar. Duk jeri sai bulala ta bi ta kan mutane.

Da suka gane giɓin a mutanen ƙauyenmu Kwaya yake, sai suka ɗaure tsoho Gajere, mai garinmu, a jikin gawo. Sun zane shi da dorina har bayansa ya tsage, jini yana bin ƙafafunsa. Wani gardi ya zubar masa da haƙora da gindin bindiga. Gajere ya ga fitarka, Mutari. Ya dube ni da ido ɗaya, amma bai tona mana asiri ba. Wallahi ban taɓa tsanar kaina kamar ranar ba.

Da sarjan ya sa a kawo wuta don rumbunan Kwaya, na ajiye takarda, na cire hula, na shiga sahun ƙarshe. Ya gane gurbinka na cike. Ya sa aka yi mini bulala ashirin da biyar, ya ce shi dai goma yake so.

Gajere ya rasu da la'asar. Gobe za mu kama hanya. Ka sha maganinka, kuma ko me ka ji kada ka dawo, gurbinka ya toshe.

Yayanka Halilu, wanda kowace safiya ake kira Mutari yana amsawa.