Amsar da Baba Ya Zaɓa

Daren Laraba, Roni

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bai ƙara furta ko kalma ɗaya ba. Yau bayan la'asar ina zaune gefen tabarmarsa ina buga wasan nan na waya, wanda matafiyi ke ratsa garin fatalwa, kai kuma kana zaɓar masa abin da zai faɗa. Sai na ga Baba yana leƙowa. Rubutun wasan da Turanci ne; ashe Turancin da ya koyar shekara da shekaru yana nan daram.

Wata tsohuwar fatalwa ta ce wa matafiyin, "Ka gaji. Zauna tare da mu." Amsoshi suka jeru a ƙasa. Na miƙa masa wayar na ce, "Baba, ko za ku zaɓa mana?"

Ya daɗe yana kallo. Can ya ɗago hannun hagu, ya danna: "Na gaji, amma ana jirana a gida."

Na fassara wa Inna. Ta ajiye tankaɗen da take yi, ta matso kusa da shi ta ce, "Malam, ai muna nan, muna jira."

Har yanzu na kasa barci. Ya Allah, ka tashi kafaɗunsa.