Darmata Ta Dawo Da Laka

Baba Sabzal, don Allah ka taimake ni da shawara, kafin in furta kalmar da ba zan iya mayarwa ba.

Ni masunci ne a Pasni, wani gari a bakin teku, da fatsa nake kamu, na kuma haura shekara hamsin. Gidanmu muna da wani wuri a teku da muke kira Gonar Kaka. Alamomi biyu ne a kan tudu ake daidaitawa da ido a same shi, kuma ka gafarce ni, ba zan faɗe su a jarida ba. Uba ne ke nuna wa ɗa. Idan mun isa, mukan shafa kitse a gindin wata curarriyar darma mu saukar da ita da igiya har ƙasa. Abin da ya manne mata shi ke shaida mun iso. Tun ina yaro takan dawo da ɓarɓashin murjani da ƙumba, wani lokaci har da ɗan soso mai rai. Bana laka take kawowa, baƙa, mai wari. Na canza kitsen, na canza darmar, na zargi idona na koma da tabarau. Laka ce.

Karatuna bai yi nisa ba, amma ba na barin ƙasidar da ƙungiyar masunta ke rabawa ta wuce ni. A nan na san aikin manyan jiragen jan taru: sarƙa da allunan ƙarfe suke ja a ƙasan teku, su kankare murjani da ciyawa, su hallaka ƙananan kifaye, kuma abin da suka share ba ya tsirowa a zamanin mutum ɗaya.

Ga inda zuciyata ta ƙi kwanciya. Allah bai ba ni ɗa namiji ba, don haka ƙanin matata, Gohram, wanda ya tashi a hannuna, shi na nuna wa alamomin. Bara ya kama aiki a ɗaya daga cikin jiragen nan. Da ya zo hutu ya ga ina gyara darma, sai ya ce, "Yaya, har yanzu kana shafa wa teku kitse?" Ya yi dariya, amma bai dubi idona ba. Aka kawo shinkafa da kifi, ya ci shinkafar ya ture kifin. Bai kuma tambaye ni labarin Gonar Kaka ba, alhali a da, da ita yake fara gaisuwa. Na faɗa wa matata Zargul, yayarsa, ta ce, "Kai ko kaza ce ta yi tari sai ka ce aiko ta aka yi." Tun ranar maganarmu ta ragu.

Salla ta matso, zai zo ya sa hannu a akushina. In tuhume shi gaban dattawa cewa ya sayar da sirrin gidanmu, ko in rufe masa ƙofa shiru?

Mai Darma, Pasni

Mai Darma, na gaishe ka, ina kuma yi maka jaje. Na yarda da darmarka: an kankare wurin.

Amma darma ta faɗa maka abin da ya faru ne, ba ta faɗa maka wanda ya yi ba. Jiragen nan suna da na'urar da ke nuna musu ƙasan teku, ba sa jiran wani ya daidaita musu tudu da ido. Ban wanke Gohram ba. Mai yiwuwa ya yi magana. Sai dai wanda ya kasa cin kifi a gabanka ya fi kama da wanda yake tsaye a kan jirgi ranar da tarun ya fito da murjanin kakanka, ya gane shi, bai kuma da bakin hanawa. Kunya da cin amana kan yi kama a fuska.

Kada ka kai shi gaban dattawa. Idan ka yi kuskure, ka rasa shi ka rasa Zargul, murjanin kuma bai dawo ba. Bayan salla ka fita da shi ku biyu, ka miƙa masa igiyar ya jawo darmar da hannunsa, sannan ka tambaye shi abin da ya gani.

Ga mai ɗacin. Doka ta hana jiragen matsowa gaɓa, amma ba a kai ƙara a kan wurin da ba wanda ya san da shi. Sirrin ya tsare Gonar Kaka daga maƙwabtanka, bai tsare ta daga sarƙa ba. Ka nuna wa ƙungiyarku alamomin, ku duba gefe-gefen ko akwai abin da ya tsira, ku tsaya masa tare. Idan Gohram zai ba da shaida, babu wanda ya fi shi.

Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya sa wata rana darmarka ta sake dawowa da ƙumba.

Baba Sabzal