Sun Manna Kaka a Bangon Jami'a

Yaya Altine,

Ina gaishe ki da fatan kuna lahiya. Yaya ƙafar Inna? Hatsin garinmu Lugu ya yi kyau bana?

Ni lahiya lau nake a Kanada. Karatu na tafiya, barci ne kawai ya ɗan ƙi, amma kada ki gaya wa Inna.

Kin tuna matar da jami'armu ta aiko lisen Dogon Dutsi, sakandarenmu, mai cewa suna son ɗalibai daga kowane lungu? Da na iso ta riƙe ni kamar ɗiya. Ranar da kewa ta kama ni, na nuna mata hoton Kaka, har na gaya mata Kaka na da doguwa, iskar nan ta bori. Ta yi alkawarin zancen zai tsaya tsakaninmu.

Yaya, yau Kaka na manne a bangon ƙofar jami'a, ga ni gefenta, an rubuta: “Jikar mai bori ta zama ɗalibarmu.” Na je na sami matar. Ta yi murmushi, wai in yi alfahari. Ko fannin da nake karantawa ba ta tuna ba.

Hoton ya bazu a wayoyin mutane. Ki riga Kawu Abdulwahid zuwa wurin Kaka; kin san wa'azinsa kan bori. Ki roƙar mini gafararta.

Bana ma matar za ta dawo lise. Ki ce wa ƙanwarmu Nusaiba ta nuna mata sakamakon jarrabawa kawai. Kaka ba ta nemi shiga makarantar kowa ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Sahura