Riga Mai Faɗin Hannun Dama

Kawo, Kaduna
Talata, bayan la'asar

Zuwa ga Harira, sanyin idona, inuwar da na zauna a ƙarƙashinta shekara goma sha bakwai ban taɓa ɗaga kai na gode mata ba, ruwan farko na damina mai tayar da ƙamshin ƙasa, kurciyar da ta bar gidana shiru, Maman Ilham.

Assalamu alaikum. Ina yi miki sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi.

Na san za ki ce wannan gaisuwa ba bakina ba ce. Gaskiyarki. Sau huɗu na rubuta ta a bayan littafina ina sokewa, domin ni kwanan wata da abin da ya faru na saba rubutawa, ban iya kirari ba. Amma duk kalmar da na bari sai da na auna ta, na ga daidai take da ke. Sai dai ban ji komai ba lokacin da nake rubuta su, kuma gara ki san haka tun daga farko, kada in yaudare ki.

Jiya Yaya Husaina ta tare ni a ƙofar gidanta a Hayin Banki, inda kike zaune yanzu, ta ce an gama magana. Ranar Asabar Yaya Idi zai zo da mota ya kai ki Malumfashi wajen Inna, can za ki ci gaba da jinya. Ta ce ke da kanki kika zaɓi haka. Na ce to, na sa takalmina, na taho. Kwana huɗu suka rage mini, kuma idan na zauna a gabanki bakina ba ya buɗewa sai a kan magani da abinci. Shi ya sa na rubuto, tare da wannan ƙunshin.

Wata bakwai ke nan da kika faɗi a gaban keken ɗinkinki, ɓarin jikinki na dama ya daina amsa kira. Na duba littafina na waɗannan watanni. Shafi bayan shafi abu ɗaya ne: na je ofis a Doka, an yi ruwa ko ba a yi ba, na dawo. Ban yi kuka a asibiti ba. Mutane suka riƙa yaba mini tawakkali, ni kuwa na san ba shi ba ne. Zuciyata ce ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ana taɓa ta ba ta san ana yi ba. Ina cin tuwo, ban san ko da gishiri a miyar ba. Wane irin miji ne wannan, da matarsa za ta kwanta shi kuma ya kasa ko da baƙin ciki yadda ya kamata?

Ba na mantawa da safiyar da ta raba mu. Kin yi wata biyu a gida bayan an sallame ki, kullum ni ke sa miki riga. Rigunanki duk ta kai ake zura su, hannun kuma matsattse, kamar yadda kike son ɗinkinki. Ran nan na makara, ina tunanin layin mota a tasha, sai na ja hannunki da ƙarfi don ya shige. Hawaye ya zubo miki, ba ki yi sauti ba. Na gani, na ɗauki jakata, na fita. Da na dawo Yaya Husaina ta riga ta haɗa kayanki. Magana ɗaya kika yi mini a bakin ƙofa, a hankali, da harshen nan da ya yi miki nauyi: “Ba na so ka saba da ganina haka.”

Na rubuta maganar a littafina, na yi mako uku ina karanta ta. Ban gane duk abin da ke cikinta ba, amma na gane abu ɗaya: muddin sai wani ya sa miki riga, ba za ki dawo ba.

Sai na tafi wajen Malam Ila, telan nan na bakin tashar Kawo da kike sayen zare a wurinsa. Na ce ina son koyon ɗinki. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya tambaya ko an kore ni daga ofis ne na zo in ƙwace musu sana'a da furfura a gemu. Ya ce in ba shi awo ya ɗinka mini ko mene ne a kwana biyu. Na ce ni kaina ban san irin rigar da nake nema ba, sai na gwada na ɓata tukuna, kuma ba zan iya kai jikinki bakin tasha ana tattauna shi ba. Daga nan ya ce in je in zare zaren keke gaba ɗaya, in sa takarda mai layi, in yi ta bin layin da allura har ƙafata ta daina gardama.

Kafin in yi haka sai da na ɗaga allurarki. Atamfar nan shuɗiya mai zanen ganye da kike ɗinkawa ranar da kika faɗi tana nan yadda kika bar ta, allura a soke, wata huɗu ke nan a lokacin ban bari kowa ya taɓa ba. Na juya keken da hannu, na yanke zaren da tsawo, na naɗe ta na sa a akwati. Na jira in ji wani abu. Ban ji ba.

Da shafukan littafina na koya, waɗanda ba ni da abin rubutawa a cikinsu. Kullum bayan la'asar shafi goma. Keken ya riƙa juyawa baya duk sanda na taka, ashe sai an fara tura shi da hannu kafin ƙafa ta karɓa. Ke ba ki taɓa kallon ƙafarki ba in kina ɗinki, har hira kike yi da ni. Mako biyu na yi kafin ramukan su hau layi. Da na sa zare sai zaren ƙwarƙwaro, wanda ke ƙarƙashin allura, ya riƙa cukurkuɗewa ta ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Na ɗinka rigar matashi uku, babu wadda kusurwoyinta huɗu suka yarda da juna. Rannan allura ta shige mini ɗan yatsa ta gefen farce, na zauna ina kallon jinin kamar na wani ne.

A aljihun keken, ƙarƙashin alli da tsofaffin maɓallai, na tsinci wata 'yar takarda da rubutunki. Awona ne. Kin tuna? Shekararmu ta farko, a ɗaki ɗayan nan na haya, za ki ɗinka mini riga tef ɗinki ya ɓace, kika ce ai taƙi ma awo ne. Ana ruwa a kan kwano, kina tafiya da yatsunki a bayana daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ni na sandare kamar turke. Kika ce in saki jikina, ba hoton katin shaida za a ɗauka ba. Daga nan kika sanar da ni cewa kafaɗata ta hagu ta fi sauka, amma kada in damu, kin riga kin karɓe ni a haka. A takardar kin rubuta: hagu, a rage rabin yatsa. Shekara goma sha bakwai kina rage rabin yatsan nan a kowace riga, ba ki sake ambatawa ba. Ya ke zumar da na sha ban san sunan furenta ba! Wa ya taɓa sanin karkatar mutum haka, ya rufa masa asiri da zare?

Na zana rigar a takarda sau tara. Buɗaɗɗiya ta gaba daga wuya har ƙasa, kamar alkyabba, ɓari ɗaya ya hau kan ɗaya da faɗin tafin hannu don kada jiki ya bayyana. Maɓallai irin waɗanda ake dannawa su kama, domin hannu ɗaya ya ishe su. Hannun dama mai faɗi sosai, yadda zai shiga ba sai an ɗaga shi ba. Na sayi yadi mai sauƙi, na shimfiɗa tsohuwar rigarki a kansa a tsakar ɗaki, na zagaye da alli, na yanka. Kwana goma sha ɗaya na yi ina ɗinki ina farkewa.

Da na gama, na ɗaure hannuna na dama a jikina da ɗankwalinki, na ce bari in gwada yadda za ki yi. A nan na ga abin da na aikata. Sanda nake yanka, rigar tana kwance tana fuskantata kamar yadda kike fuskantata in ina sa miki kaya, sai na buɗa hannun da ke wajen damata. Na yi wa lafiyayyen hannunki fili, na matse marar lafiyan. Malam Ila ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce kowane sabon tela sai ya yi wannan sau ɗaya, don yana auna mutum daga inda shi yake tsaye. Ni ban yi dariya ba. Na tsaya a ɗakin da hannu a ɗaure, rigar rataye a kafaɗa ɗaya, na tuna wata biyun nan da na yi ina sa miki riga ban taɓa zagayawa na tsaya ta inda kike ba. A ranar wani abu ya ɗan motsa a ƙirjina, kamar yadda ƙafa ke fara tsira-tsira in jini zai dawo. Bai daɗe ba. Amma na rubuta shi da kwanan watansa.

Ta biyu na yanka ta ina tsaye ta bayanta. Na sa ta sau talatin da hannu ɗaya. Farko minti goma sha ɗaya na ɗauka, na matsar da maɓalli biyu, na ƙara wa hammata yatsa uku, yanzu minti huɗu. Sai da na tabbata, sannan na buɗe akwati na ɗauko shuɗiyar atamfarki, na ɗinka ta uku da ita.

Ita ce a ƙunshin nan. Ki rufe ƙofa ki gwada ke kaɗai, kada ki kira Yaya. Ki zauna a bakin gado, ki fara zura hannun dama, ki jawo ta ta bayan wuya da hagu, sannan ki danna maɓallan daga ƙasa zuwa sama. Bakwai ne. Na huɗun yana da ɗan tauri, na rasa yadda zan yi da shi. Kalmasar ƙasa ba ta miƙe ba, na sani, wuyan ma ya ɗan tattare ta baya.

Hasken gidana, ban ce ki dawo don na warke daga wannan sanyin zuciya ba, ban warke ba. Ban kuma yi alkawarin ba zan sake yin kuskure ba, kin san hannuna. Abin da nake roƙo shi ne, in rigar ta shiga da hannunki, ki ce wa Yaya Idi ya dakata da motarsa. Ki dawo ki zauna a kujerar nan kusa da taga, ki zama ido ni in zama ƙafa, ki yi ta yi mini faɗa a kan layi. Kogin Kaduna yakan ja baya da rani har duwatsunsa su fito, wa ya taɓa jin an ce ya bar garin? Ni ma ina nan. Ilham za ta dawo hutu ƙarshen wata, ban san me zan ce mata ba in ta tarar da ɗakinki a rufe.

In kuwa ba ta shiga ba, na sa guntun alli a aljihun hagu. Ki yi alama a duk inda ta matse ki, ki aiko mini da ita ko daga Malumfashi ne. Zan farke in sake, in sake aikowa, har ranar da za ta dawo babu alama.

Zan zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba zan tambaye ki komai ba, zan dai duba abin da ke jikinki.

Abu na ƙarshe. Ki juya rigar ki duba ɗinkin gefen hagu daga hammata. Taƙi biyu na farko naki ne, wanda kika yi a ranar, miƙaƙƙe kamar an ja da zare. Ban farke shi ba. Na mayar da allura cikin raminki na ƙarshe, na ɗora daga nan. Za ki gane wurin ba sai an nuna miki ba, domin daga nan layin ya fara karkacewa. Amma ya kai har ƙasa, Harira, kuma na ja shi da hannu biyu, bai buɗe ba.

Naki, da karkatacciyar kafaɗa da karkataccen layi, yau da gobe, har ranar da za a naɗe ni a cikin yadin da ba ya bukatar tela,

Sagir